Tsoron da ba a nuna maka: amsa kan tsofaffin finafinan zullumi

"Malam, barka da aiki. Ni mai son fim ne mai sa faɗuwar gaba, amma na gaji da na zamanin nan, daga yankan mutane sai fatalwa mai ihu, har ba na iya kallo idan iyalina na kusa. Wani abokina ya ce in koma kan tsofaffin finafinan baƙi da fari, wai su ne na gaske. Na ɗauko guda ɗaya, kafin a kai rabi barci ya kwashe ni. Shin waɗannan finafinan na ban tsoro ne ko na bincike? Me ake gani a cikinsu da ni ban gani ba, kuma da wanne ya kamata in fara?"

Ɗan'uwa, barka kadai. In na fahimce ka, abu uku kake nema: rukunin da finafinan nan suke, abin da ke sa masu sonsu ba sa gajiya da su, sai kuma ƙofar da za ka shiga ta cikinta. Abokinka gaskiya ya faɗa maka, sai dai bai gaya maka irin kallon da ake yi musu ba, shi ya sa barci ya ci ƙarfinka.

A ina suke zaune?

Fim ɗin ban tsoro zalla, abin da ke farautar mutane a cikinsa ya fi ƙarfin ɗan Adam: dodo ne, ko fatalwa, ko gawa mai tashi. Irinsa ne kamfanin Universal na Amurka ya yi kasuwa da shi tun daga 1931, shekarar Dracula da Frankenstein. Shi kuwa fim ɗin bincike, an riga an yi kisan, jami'i yana bin sawu, kai kuma kana lissafin wa ya aikata. Finafinan da kake tambaya a kansu suna tsakanin biyun. Mai cutarwar mutum ne kamar ni da kai, sau da yawa ma an nuna maka shi tun da wuri, amma an ɗauki fim ɗin da kayan aikin ban tsoro: duhu, inuwa a bango, tsohon gida, takun ƙafa a bene. Ba a tambayarka wane ne. Abin da ke cinka shi ne yaushe zai far wa matar da yake hari, kuma ko akwai wanda zai yarda da maganarta kafin lokacin. Yawancin masu kyau a cikinsu an yi su ne tsakanin farkon shekarun 1930 da ƙarshen shekarun 1960.

Darakta Alfred Hitchcock ya fayyace bambancin a hirar da darakta Bafaranshe François Truffaut ya yi da shi a 1962. Ya ce a ɗauka mutum biyu suna hira a teburi, kwatsam bam ya tashi a ƙarƙashinsa. Mai kallo ya samu razana ta daƙiƙa goma sha biyar. Amma in aka fara nuna wa mai kallo bam ɗin, aka nuna masa agogo, sannan aka bar mutanen suna hirarsu ta banza, to an ba shi zullumi na minti goma sha biyar, yana ji kamar ya shiga allon ya ce musu su tashi. Finafinan da ka gaji da su razana suke sayarwa. Waɗannan kuwa zullumi ne jarinsu, kuma zullumi ba ya kama wanda rabin hankalinsa ke wani wuri.

Abin da ya sa suke ɓoyewa

Dalili biyu ne suka haɗu: takunkumi da ƙarancin kuɗi. Daga 1934 masana'antar Hollywood ta fara aiki da dokar tace finafinai mai tsauri, wadda aka fi sani da dokar Hays, ba a kuma sauke ta ba sai 1968. Ba a yarda a nuna kisa dalla-dalla ba, ba a yarda mai laifi ya sha ba, ba a yarda da batsa ba. Daraktan da ke son ya girgiza mutane dole ya nemo hanyar da zai sa su ga abin a zuciyarsu tunda ba zai iya sa shi a allo ba.

Tun kafin dokar ma akwai wanda ya nuna yadda ake yi. A fim ɗin M na Fritz Lang, wanda aka yi a Jamus a 1931, wani mutum yana kashe ƙananan yara. Ba ka ganin kisa ko ɗaya. Uwa ta dafa abincin rana tana jiran 'yarta ta dawo daga makaranta. Tana kiran sunanta, kyamara na nuna matakalar bene babu kowa, faranti a teburi babu mai ci. Sai ƙwallon yarinyar ta gangaro daga cikin ciyawa ta tsaya, balan-balan ɗin da aka saya mata ya maƙale a wayar tangaraho. Shi ke nan. Duk uban da ya kalli wannan wurin ya san abin da ya faru, kuma abin da zuciyarsa ta zana masa ya fi duk abin da Lang zai iya ɗauka muni. Mai kisan yana da wata waƙa da yake yin fitonta da baki, daga baya ko ba ka gan shi ba, da ka ji fiton sai cikinka ya ɗuri ruwa.

Wanda ya mayar da wannan dabara sana'a shi ne furodusa Val Lewton. A 1942 kamfanin RKO, yana cikin matsin kuɗi, ya damƙa masa sashen finafinan ban tsoro da sharuɗɗa: kada fim ya wuce dala 150,000, kada ya wuce minti 75, kuma kamfani ne zai ba shi sunan fim, shi ya nemo labarin da zai dace. Suna suka ba shi mai arha, Cat People, suna jiran ya kawo musu mace sanye da fatar damisa. Shi da darakta Jacques Tourneur sai suka kawo labarin Irena, 'yar ƙasar Sabiya da ke zaune a New York, wadda ta yi imani cewa in kishi ko sha'awa ya motsa ta za ta rikiɗe ta zama damisa. Ka lura da wurin da abokiyar aikin mijinta take tafiya ita kaɗai da dare. Tana jin ƙwas-ƙwas ɗin takalmi a bayanta. Can sai takun ya ɗauke. Ta waiga, ba kowa. Shirun ya yi tsawo har ya dame ka, sai wani huci mai ƙarfi ya cika allo, ashe bas ce ta taka birki. Har yau masu sana'ar fim suna kiran irin wannan razanar da sunan bas ɗin Lewton. Bambancinsa da masu kwaikwayonsa na yanzu shi ne ya gina shirun kafin ya fasa shi, kuma sau ɗaya ya yi a fim ɗin, bai mayar da shi abincin kowane minti biyar ba.

Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Dodon tatsuniya babu wanda ya taɓa siffanta mana shi daga kai har ƙafa, amma kowane yaro ya kwanta da nasa dodon a ka.

Kada dai a ɗauka takunkumi ne ya haifi gwaninta. A ƙarƙashin dokar nan ɗin an yi tarin finafinai marasa daɗi waɗanda ba wanda ke tunawa da su. Takunkumin ya toshe hanya mai sauƙi ne kawai, masu basira suka nemo wata.

Mugun ɗan gida ne

Nan ne, a ganina, asalin ƙarfin finafinan nan yake, kuma nan ne suka fi na dodo nisa. Hausawa na cewa tsoro na daji, kunya na gida. Waɗannan finafinan sun ɗauko tsoron daga daji sun shigo da shi tsakar gida, suka sa shi a jikin mutumin da kunya da ladabi suka hana ka zarga.

Duba Shadow of a Doubt na Hitchcock, na 1943. Wata budurwa a garin Santa Rosa na jihar Kalifoniya tana murnar zuwan kawunta, ƙanin mahaifiyarta, wanda takwaranta ne ma, don sunansa aka sa mata. Ya zo da tsaraba, kowa na gidan yana ji da shi, gari ya karɓe shi. A hankali yarinyar ta fara ganin abubuwan da ba su daidaita ba: shafin jarida da ya yage ya ɓoye, zoben da ya ba ta mai ɗauke da haruffan sunan wata. Ta gano ko wane ne shi, shi ma ya gano ta gano. Daga nan ake cin abinci a teburi ɗaya, uwa na ta zuba wa ƙaninta, su biyun suna kallon juna. Wa za ta faɗa wa? In ta faɗa, zuciyar mahaifiyarta za ta iya ɗauka? Duk wanda ya tashi a gidan da ba a ɗaga wa kawu murya zai ji nauyin da ke kan yarinyar nan fiye da yadda Ba'amurke zai ji.

Gaslight na 1944, wanda George Cukor ya ba da umarni kuma Ingrid Bergman ta ci kyautar Oscar da shi, miji ne ke ƙoƙarin sa matarsa ta yarda ta zautu. Yakan ɓoye abu ya ce ita ta ɓatar. Ta ce hasken fitilun gidan na raguwa da dare kuma tana jin motsi a saman rufi, a ce mata babu wannan. Ya raba ta da mutane da sunan kula da lafiyarta, duk cikin murya mai taushi. Babu ɗigon jini, amma ban san fim ɗin fatalwa da ya kai shi tayar wa mace hankali ba, domin abin da ke cikinsa yana faruwa a gidajen mutane.

Wanda na fi so a nuna wa kowa shi ne The Night of the Hunter na 1955. Robert Mitchum ya fito a matsayin mai wa'azin ƙarya, Musa a baki Fir'auna a zuci, an rubuta masa kalmar so a yatsun hannu ɗaya, kalmar ƙi a ɗayan. Ya samu labarin wani da aka rataye ya ɓoye dala 10,000, sai ya je ya auri matar mamacin. 'Ya'yan mamacin biyu ne kaɗai suka san inda kuɗin yake. Mutanen gari kaf sun yarda da shi saboda zaƙin bakinsa, yaron nan ƙarami ne kawai ya gane shi, kuma wa ke sauraron yaro a kan malami? Da yaran suka gudu a kwalekwale, fim ɗin ya koma kamar mafarki: kogi da dare, taurari, kwaɗi da zomaye a gaɓa. Sun kwanta a wani rumbun ciyawa, yaron ya farka ya hango inuwar mutum bisa doki can nesa, yana tafe a hankali yana rera waƙar coci. Ba gudu yake ba, bai ma san suna wurin ba, amma ka san ba zai fasa ba. Wannan shi ne fim ɗaya tak da Charles Laughton ya ba da umarni. Da ya fito bai yi kasuwa ba, masu sharhi ba su yaba ba, bai sake yin wani ba har ya rasu a 1962. Abin yana yi mini ciwo duk lokacin da na tuna, domin yau ana lissafa shi cikin manyan finafinan Amurka.

Inda aka matso bakin iyaka

A 1955 ɗin dai Henri-Georges Clouzot ya fitar da Les Diaboliques a Faransa. Shugaban wata makarantar kwana azzalumi ne. Matarsa, mai ciwon zuciya, ta haɗa kai da farkarsa suka nutsar da shi a bahon wanka, suka jefa gawar a tafkin ninkaya na makarantar, mai ruwa duk gansakuka. Suna jiran ta taso, ba ta taso ba. Aka kwashe ruwan, babu gawa. Sai ga kwat ɗin da ya mutu a cikinta an kawo daga wurin wanki, a goge. Daga nan ba ka san ko fim ɗin laifi kake kallo ko na fatalwa ba, kuma wannan rashin sanin shi ne daɗin. A ƙarshensa an rubuta roƙo ga masu kallo kada su ba wa abokansu labarin abin da suka gani, ni ma zan kiyaye.

Shekara biyar bayan haka Hitchcock ya yi Psycho. Da kuɗinsa ya yi, kimanin dala 800,000, da ma'aikatan shirinsa na talabijin, a baƙi da fari alhali ana ta yin masu kala. Ya sa gidajen sinima su hana kowa shiga in an fara. Shahararren wurin nan na fim ɗin da aka kashe wata mata a banɗaki, in ka nutsu ka kalla, gutsattsarin hotuna ne da aka jera da sauri, da kukan gogen Turawa na mai tsara kiɗan fim ɗin, Bernard Herrmann, kai ne kake haɗa su su zama sara. A shekarar ce kuma Michael Powell ya fitar da Peeping Tom a Ingila, 'yan jarida suka yi masa ca har sana'arsa ta durƙushe a ƙasarsa. Daga waɗannan biyun hanya ta buɗe zuwa finafinan yanka da suka cika kasuwa bayan Halloween na 1978, wato irin waɗanda suka gundure ka. Jikokin sun gaji wuƙar, ba su gaji haƙurin kakan ba.

Akwai kuma masu jingina da ɓangaren fatalwa ba tare da sun faɗa ciki ba. The Innocents na Jack Clayton, 1961, mai rainon marayu biyu ce a wani katafaren gida a karkarar Ingila take ganin mutanen da suka mutu. Har aka tashi ba a yanke maka hukunci ba: fatalwar gaske ce ke bin yaran, ko mai rainon ce abin tsoron?

In ka taso da finafinan Indiya kamar yawancinmu, ka riga ka ɗanɗana wannan salo. Mahal na 1949, wanda ya ɗaga Madhubala da Lata Mangeshkar, tsohon gida ne da muryar mace mai waƙa cikin dare. Woh Kaun Thi na Raj Khosla, 1964, ya buɗe da likita yana tuƙi cikin ruwan sama ya tarar da mace sanye da fararen kaya a tsakiyar hanya. Ittefaq na Yash Chopra, 1969, babu waƙa ko ɗaya a cikinsa, dare ɗaya ne a gida ɗaya tsakanin mutumin da ake zargi da kisa da matar da ya faɗo wa. Indiyawa sun gano cewa waƙa ma tana iya yin aikin da fito ya yi a fim ɗin Lang.

Yadda za ka kalla

Nakan nuna finafinan nan ga ɗalibai da matasa masu son koyon rubutun fim, kuma kusan kullum abu ɗaya nake gani. Minti ashirin na farko ana ta surutu, ana dariyar tufafi da salon magana. In na samu aka ajiye wayoyi aka kashe fitila, wajen tsakiyar fim ɗakin yakan yi tsit, har wanda ya fi kowa surutu ya matso gaba. In kuwa an bar wayoyi a hannu, har a gama ba wanda abin ya taɓa. Don haka ka kalla da dare, a duhu, a allo mafi girma da kake da shi. Sauti ya fi hoto muhimmanci a nan, in babu lasifika mai kyau ka sa abin kunne. Kada ka tura gaba in ka ga kamar ba a yin komai, domin a wuraren nan ne ake dasa maka bam ɗin ƙarƙashin teburi. Ka riƙa tambayar kanka: me na sani wanda wannan matar ba ta sani ba? Ka kalli gefunan allo da bayan mai magana, daraktocin nan suna ajiye abu a inda ido ba ya fara zuwa. Ka kuma nemi kwafi mai tsabta, wanda aka gyara. Fim ɗin da aka gina da inuwa, in hotonsa ya dusashe, rabin aikin ya tafi. Kada ka karanta taƙaitaccen labarin a intanet kafin ka kalla.

Akwai inda finafinan suka gaza, kuma gara ka sani tun yanzu. Wasan wasu jaruman ya yi kama da na dandamali, da ɗaga murya da zare ido. Da yawansu sun mayar da mai taɓin hankali abin tsoro, alhali a zahiri marar lafiya ne mai bukatar kulawa, kuma dogon bayanin likita da aka liƙa a ƙarshen Psycho yana kashe wutar da fim ɗin ya hura. Dokar Hays ta tilasta wa wasu ƙarshe mai daɗi wanda bai dace da labarin ba. Suna kuma dogara da magana sosai, wanda bai jin harshen sai ya jure karanta fassarar ƙasan allo. Batun iyali kuwa, rashin jini ba ya nufin na yara ne. Psycho da Peeping Tom da Les Diaboliques na manya ne, M da The Night of the Hunter kuwa yara ake farauta a cikinsu, ba zan zaunar da ƙaramin yaro gabansu ba. Ba zan kuma yi maka alƙawarin duk za su burge ka ba, domin akwai masu son fim na haƙiƙa da salon bai taɓa kama su ba.

Shawarata ka fara da Wait Until Dark na 1967. Mai kala ne, tafiyarsa ta fi kusa da abin da ka saba. Audrey Hepburn ce makauniya ita kaɗai a gidanta a New York, wasu mutum uku suna shigo mata da ƙarya iri-iri suna neman 'yar tsana da aka cusa wa ƙwaya. Kai kana ganin duk abin da suke yi a gabanta, ita ba ta gani. Da ta gane, sai ta bi fitilun gidan tana fasawa don ta jawo su cikin duhun da ta fi su sani, amma ta manta da guda ɗaya. Lokacin da aka fara nuna shi, gidajen sinima kan rage fitilunsu a mintunan ƙarshe, kai ma ka yi haka. In ya kama ka, ka bi da Shadow of a Doubt, sannan Les Diaboliques. Cat People da The Innocents ka bar su sai idonka ya saba da baƙi da fari, don su ne suka fi bukatar haƙuri.